Sabuwar Mota da Fushin Gwaggo

Shekarun baya, a shekarar da na sayi motar nan da kuke gani ina loda bokitai a bayanta, saura ƙiris in rasa gwaggona alhali tana raye, tana zaune lafiya lau a ƙofar gidanta a unguwar Sakasaka. Yanzu dariya muke yi in an tuna, ni da ita, shi ya sa zan iya ba ku labarin ba tare da na share hawaye ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ina shekara huɗu ya ɗauke ni ya kai mata, kamar yadda ake yi a nan Tamale, mutum ya ba 'yar'uwarsa 'ya ta riƙe. Ita ta raine ni, ita ta koya mini haɗa man kaɗanyar da nake ci da shi har yau, ita ta aurar da ni. Mahaifiyata tana nan kuma ina sonta, amma in aka ce uwa, fuskar Gwaggo ce ke fara zo mini. Mace ce mai taurin kai wadda ba ta roƙon kowa komai. Tun ina yarinya take zama a kan 'yar kujerarta a bakin titi da tiren ƙuliƙuli da soyayyar gyaɗa, kuma duk wanda ya ce ta huta haka nan ya taro wa kansa faɗa.

Da na yi aure na koma unguwar Jisonayili, kowace safiya sai na bi ta gabanta a kan babur kafin in wuce kasuwa. Babur ɗin tsoho ne, salansarsa ta fashe, tun daga nesa ake jin tahowata. In na iso sai in kashe shi, in sauka, in durƙusa in gaishe ta, don a garin nan ba a gaida babba a tsaye, balle a kan abin hawa. Ta ce Allah ya ba da kasuwa, in ce amin, in tashi. Abin bai fi minti biyu ba, amma shekara tara ban taɓa fashi ba sai in haihuwa na yi.

To, kasuwa ta yi albarka. Masu sayen mai daga Kumasi suka yi yawa, babur ya kasa. In na ɗaura bokiti huɗu a baya, rana ta narkar da man tun kafin in kai tasha, ya riƙa ɗiga a kan zanena ina tafe ina ƙyalli. Ni a-kori-kura na so in saya, mai buɗaɗɗen baya. Maigidana ya ce, "Ke da kike gudun rana, kuma za ki sayi motar da za ta shanya miki mai a rana? Ki nemi mai dogon baya, rufaffiya, wadda ake ce wa wagon. Ki kwantar da kujerun baya ki yi lodi, ranar Juma'a ki tashe su ki ɗauki yara." Na ce masa ai ni ma abin da nake tunani ke nan. Ƙarya nake yi, ban taɓa tunaninsa ba.

Na rantse ba zan sayi wadda wani ya gaji da ita ba, sabuwa fil nake so, da ledarta. Sau uku ina zuwa Kumasi. Zuwan farko na ji kuɗi na fito ina salati. Na biyu na koma da shirina, na tarar kuɗin ya ƙaru, wai kuɗinmu sidi ya faɗi. Na ce wa mai sayarwar, wani ɗan gayu mai ɗamammiyar riga, "Ni ce na ture shi da zai faɗo a kaina?" Zuwa na uku kuwa da bokitaina na tafi, guda goma sha biyu babu komai a ciki, na shiga da su cikin shagon nan mai gilashi da sanyi. Na ce ya buɗe mini baya. Ya ce, "Madam, ai ga awon a takarda." Na ce takarda ba ta ɗaukar mai. Na jera su tsaf, har da sauran wurin buhu biyu. Sannan na fara tayawa kamar ina sayen doya, ina jira ya ce albarka in ƙara. Bawan Allah ya ce su ba a ciniki a wurinsu. Na zauna na ƙi tashi har la'asar. A ƙarshe dai ko kwabo bai rage ba, amma ya cika mini tanki ya haɗa mini da shimfiɗar ƙafa, ni kuma na dawo gida ina ba mutane labarin yadda na yi masa wayo.

Babur ɗin na sayar wa wani mahauci ɗan unguwar Nyohini a satin da motar ta iso. Ban ma yi tunanin in faɗa wa Gwaggo ba, ina ruwan tsohuwa da cinikin babur?

Ranar farko wurinta na fara kai motar don ta sa albarka. Mata suka fito ana ta guɗa. Gwaggo ta taso a hankali, ta shafa jikin motar tun daga gaba har baya, tana cewa, "Kai, ba ta ƙarewa?" Ta yi addu'a mai tsawo, Allah ya tsare ni daga sharrin ƙarfe. Na buɗe mata ƙofa na ce ta shiga in zaga da ita unguwa. Ta ce, "Ƙafafuna ba su ce mini sun gaji ba." Na yi, na yi, ta ƙi. Abin ya ɗan sosa mini rai, amma na ce halin tsofaffi ne.

Daga nan na shiga koyon zama da mota a garin da kowa babur yake hawa. Duk wanda ya san Tamale ya san me nake nufi. Babura ta dama, babura ta hagu, ga kekunan haya masu ƙafa uku da muke ce wa yalo-yalo masu tsayawa inda suka ga dama, ga tumaki da ke kwanciya a tsakiyar kwalta kamar gadonsu. Ni da na saba kutsawa ko'ina, sai ga ni ina jan abu mai tsawon jirgi, in na juya kai na manta da wutsiya. Amma fa daɗi! Sanyi na busa ni, man kaɗanya na zaune daram a baya bai narke ba, in sauka a tasha da tsabtataccen zane har masu lodi suna ce mini Hajiya tun ban je Makka ba.

Matsalar ɗaya ce. Titin gaban gidan Gwaggo siriri ne, ga kwata a gefe da gefe. Safiyar farko da na tsaya in gaishe ta, kafin in durƙusa layi ya taru a bayana, masu keke suna ta danna ham suna ihu. Safiya ta biyu wani mai babur ya goge mini madubi, madubin da ko sati bai yi ba. Muka yi cacar baki a tsakiyar titi har ɗankwalina ya kwance. Daga ranar na ce na samo dabara. In na zo daidai gidan sai in rage gudu, in sauke gilashi, in sunkuyar da kai in ɗaga mata hannu. Ham kam ban taɓa danna mata ba, don yi wa babba ham rashin kunya ne. A raina gaisuwa ta yi, Allah ya gani, Gwaggo ta gani.

Sai dai Gwaggo ba ta amsawa. Tana zaune, fuskarta na kallon titi sosai, ni ina ta ɗaga hannu kamar 'yar siyasa, ita ko motsi. Kwana ɗaya, kwana biyu, sati. Na kira ta a waya da yamma, na ce Gwaggo ina wuni. Ta ce, "Lafiya." Na ce ya jiki. Ta ce, "Lafiya." Ta kashe.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce wa maigidana, "Ka ga Gwaggo? Tun da na sayi motar nan take gaba da ni. Ta ƙi shiga, ta ƙi amsa gaisuwata. Ni da na ɗauka ita ce za ta fi kowa murna!" Ya ce in je in zauna da ita in ji. Na ce kullum ni ke gaisuwa, ita ke shan ƙamshi, ba inda za ni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a hannunta na sha shi. Ziyarar Juma'a da nake kai mata da yara ma sai na fara cewa aiki ya yi yawa. Na ci gaba da ɗaga hannun dai, amma yanzu da ɗaurarriyar fuska, don kada gobe a ce ban yi ba. Haka muka kwashe wata biyu cur, kuma wallahi ban ji daɗin motar nan ko kwana ɗaya ba a cikinsu.

Rannan na ce bari in sassauto ta wata hanya. Na cika ƙaramin bokiti da mai mafi kyau, na ba wani mai keke ya kai mata. Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo mini da shi rumfata a kasuwa. Ya ce, "Tsohuwar ta ce in faɗa miki ba mai take buƙata ba, kuma wadda ta iya wuce ta a titi ta iya riƙe manta."

Wuce ta? Ni? Ko rufe rumfa ban tsaya yi ba. Na figi mota, na ajiye ta can a filin masallaci inda akwai wuri, na tako da ƙafa cikin rana ina shirya maganganun da zan faɗa mata. Na iso na tsaya a gabanta, tsakanina da ita tiren ƙuli ne kawai. Na riƙe ƙugu na yi shiru, wai ita ta fara magana.

Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Ta yi murmushin da take yi wa baƙi, ta ce, "Sannu. Ƙuli ko gyaɗa?"

Na duba idanunta da kyau, abin da na yi wata biyu ban yi ba. Tsakiyar kowanne ya yi fari-fari. Na durƙusa a gabanta.

Na ce, "Gwaggo, ni ce."

Murmushin ya ɓace. Ta kawar da kai ta ce, "Yau an ga damar tsayawa ke nan? Ina babur ɗin, ban ji shi ba?"

Na ce, "Wane babur, Gwaggo?"

Ta ce, "Naki mana, wane kuma? Kullum da safe ina jin sa tun daga kwana. In gyara mayafi, in ce ga 'yata nan. Ya zo ya wuce, fuuu, ko rage gudu babu. Na ce to, ta sayi mota ta ajiye wa kaya, ni kuma ta ajiye ni tare da tsofaffin tukwane. Me na yi miki, yarinyar nan? Faɗa mini yau in ji."

Ashe mahaucin da na sayar wa babur ta nan yake bi zuwa kasuwa, kusan lokacin da na saba bi. Na ce, "Gwaggo, na sayar da babur tun satin da mota ta zo. Wani mahauci ne ke wucewa da shi. Ni a mota nake zuwa, kowace safiya ina ɗaga miki hannu, ban taɓa fashi ba."

Can ta ce a hankali, "Hannu?"

Na ce, "Hannu, Gwaggo."

Ta ce, "Ni rabona da in ga hannun mutum daga nan zuwa titi tun azumin bara. Kamar ana hura wuta da ɗanyen itace a gabana, haka duniyar take."

Na fashe da kuka a bakin titi, mace da 'ya'ya uku. Na ce don me ba ta faɗa ba? Ta ce ta faɗa a yi mata me? A kwashe mata tire, a kai ta wani ɗaki a Jisonayili a ajiye, a riƙa ja mata sanda? Muryar kowa ta sani a unguwar, takun kowa ta sani, gidanta kuma ko a rufe take ido ta san inda komai yake. Ranar da na kawo mota ma, ta ce, so take ta shiga kamar me, amma ba ta ga inda ƙofar take ba, ba kuma za ta tsaya lalube a gaban matan unguwa ba. Sannan ta laluba ta kamo kunnena ta murɗe, kamar ina 'yar shekara bakwai, ta ce, "Ke kuma da idonki biyu, wata biyu kina kallona ba ki ga komai ba?"

Na bar mata kunnen ta murɗa son ranta. Gaskiyarta ce.

Kai ta asibitin ido wani yaƙin ne. Ta ce an ce ƙwaƙule ido suke yi su wanke a roba. Kwana huɗu ina zuwa ina lallashi, kullum in ajiye mota a masallaci in tako. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa Badagomba da suke tare tun ƙuruciya, ita ta taimake ni. Ta ce mata da irin Hausarta mai ce wa mace kai, "Kai dai tsoro kake ji, faɗi gaskiya." Gwaggo ta ce ita tsoro? Gobe a zo a ɗauke ta.

Da na zo ɗaukarta na tarar ta haɗa kaya kamar mai ƙaura. Tabarma, matashi, buta, tukunyar tuwonta, kujerar zamanta, har da tiren ƙuli, wai ko masu jinya za su saya. Na ce Gwaggo kwana ɗaya fa za mu yi. Ta ce, "Ba ke kika ce bayan motar ba ya cika ba?" Na kwantar da kujera ɗaya na loda komai, maƙwabciyar ta zauna a ɗayar. Gwaggo kuma na kama hannunta na ɗora a kan murfin ƙofa, ba wanda ya lura, ta shiga gaba da kanta tana gyara zama. Mun ɗan yi tafiya ta ce in kashe sanyin nan, ita ba kifi ba ce.

Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe su, kuma ana cire ta. Ya yi faɗa da aka bari ta yi kauri haka, na sunkuyar da kai na karɓi faɗan don nawa ne. Aka yi wa na dama aiki a ranar, na hagu aka ce sai bayan wasu makonni. Washegari da safe nas ta zo cire bandeji. Ina tsaye a gaban Gwaggo, ina ta addu'a a zuci. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ta ƙura mini ido ta daɗe. Sannan ta ce, "La ilaha illallahu. Ke, yaushe kika yi wannan ƙibar?"

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini. Da muka fito fili na nuna mata motar, ta zagaye ta sau ɗaya ta ce, "Duk surutun da ake yi, ashe kalar toka ce? Duk kalolin duniya ki rasa wadda za ki zaɓa sai ta murhu." Ta buɗe ƙofa da kanta ta shiga.

Mahaucin ma bai tsira ba. Da ta koma kan kujerarta, safiyar farko da ta ji babur ɗin ta miƙe ta tare shi a titi. Ta ce, "Ashe kai ne ka kusa raba ni da 'yata." Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, ya yi ta ba da haƙuri. Tun daga ranar kullum sai ya tsaya ya gaishe ta, wani lokaci har da 'yar hanta a leda.

In na tuna abin nan, ba kuɗin motar ko goge madubi ke damuna ba. Wata biyu na yi ina fushi da mutum a kan ta ƙi amsa gaisuwar da ba ta taɓa isa wurinta ba, ita ma tana can tana kukan an wuce ta, tsakaninmu taku goma. Na sauƙaƙa wa kaina gaisuwa, na yanke hukunci ni kaɗai cewa ta wadatar, ban taɓa sauka na tambaya ba. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su ce a tayar mota ba. Da na ƙara wata biyu a kan wannan girman kan, ban san abin da zai rage na idon ba, ban kuma san abin da zai rage tsakaninmu ba. Allah dai ya rufa asiri.

Motar tana nan, ta tsufa, ledar kujeru ta daɗe da yagewa, bayanta ƙamshin man kaɗanya yake yi ko an wanke. Idanun Gwaggo biyu garau, har zare take sa wa allura tana yi mini gori. Bayan an gama aikin na hagu da kamar wata guda, wata safiya na makara, motar Kumasi na jirana a tasha. Na ce a raina, to yanzu ai tana gani, yau ɗaya dai hannu ya wadatar. Na rage gudu, na sauke gilashi, na sunkuyar da kai na ɗaga.

Gwaggo ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda duk Sakasaka za ta ji, ta ce, "Na gan ki sarai! Ban karɓa ba. Sauko ki gaishe ni kamar 'yar mutane!"

Masu keke suka kwashe da dariya, har da mai tafi. Na kai motar masallaci na ajiye, na tako da ƙafa, na durƙusa a gaban tirenta. Motar Kumasi ta tafi ta bar ni ranar, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa kamar wannan ba.